"An Naɗa, An Tuɓe": Wane ne Wannan "An"?

A nahawun Hausa akwai wata ƴar kalma da ta fi kowace iya rufin asiri, ita ce "an". Muna sa ta idan ba mu san mai aiki ba, ko kuwa mun san shi amma ba mu son faɗa. An ci kuɗin. An rufe kamfanin. An naɗa wane, an tuɓe wane. Aiki ya tabbata, mai aikin ya ɓace. Ni ɗalibin kimiyyar harshe ne, kuma ban ga inda wannan kalma take wahala ba kamar a zancen lambar girma da sarauta.

Mu fara da Ingila. A 2004 Sarauniya Elizabeth ta ba Fred Goodwin, shugaban bankin Royal Bank of Scotland, muƙamin da ke sa a kira mutum "Sir", wai saboda hidimar da ya yi wa harkar banki. A 2007 ya ja bankin cikin cinikin ABN AMRO na Holan. A 2008 bankin ya durƙushe, ya yi asarar fiye da fam biliyan 24, sai da gwamnati ta zuba kusan fam biliyan 45 na ƴan ƙasa kafin ya tsaya da ƙafarsa. A farkon 2012 aka ƙwace muƙamin. Babu kotun da ta kama shi da laifi. Kuɗin fanshonsa kuwa, ko bayan da ya yarda aka rage a 2009, sun haura fam dubu 340 a shekara. To, me aka karɓe? Harafi uku a gaban suna.

Ba raina harafi uku nake ba. Masanin falsafar harshe J. L. Austin ya nuna cewa akwai maganar da ita kanta aiki ce. Idan liman ya ce ya ɗaura aure, aure ya ɗauru. Idan sarki ya ce ya naɗa ka, ka naɗu. Bahaushe ya riga ya gane haka, shi ya sa ya ɗauko kalmomin daga tufafi: rawani ake naɗawa, riga ake tuɓewa. Wanda aka tuɓe an bar shi tsirara a idon jama'a, kuma wannan ba ƙaramin horo ba ne. Amma fa irin wannan magana ba ta aiki sai daga bakin mai iko. Ke nan kowane naɗi shaida ce a kan mutum biyu: wanda ya durƙusa da wanda ya riƙe rawanin. Ranar tuɓewa sai a kira sunan na farko da ƙarfi, na biyu ya shige cikin "an". Gwamnatin Tony Blair ce ke mulki lokacin da aka karrama Goodwin. Hukumar da ke sa ido kan bankuna ta amsa a rahotonta na 2011 cewa ita ma ta gaza. Wa ya tuɓe musu ko da hula?

Mu ƴan Arlit wannan labari bai yi mana nisa ba. A watan Yuni na 2025 Faransa ta cire Nicolas Sarkozy daga cikin masu lambar Légion d'honneur, bayan hukuncin cin hanci ya tabbata a kansa. Kafin shi, shugaban Faransa ɗaya tak aka yi wa haka, wato Pétain a 1945. Wannan Sarkozy ɗin shi ne ya sauka Yamai a watan Maris na 2009, jim kaɗan bayan Areva ta sa hannu da gwamnatin Tandja kan ma'adinin Imouraren, nan kudu da mu. Aka ce tan dubu 5 na iraniyom za a riƙa haƙowa duk shekara. A 2014 aka dakatar da aikin, a 2024 gwamnatinmu ta janye lasisin, ba a taɓa sayar da ko kilo ɗaya ba. Lambar tasa ba don Imouraren ta faɗi ba. Littafin da ake rubuta laifin manya babu shafin alkawarin da aka yi wa talakan hamada.

Ku dubi Akokan. COMINAK ta rufe ranar 31 ga Maris 2021, bayan fiye da shekara 40 tana haƙa. Ta bar tulin dusar ma'adini mai guba da aka ƙiyasta ya kai tan miliyan 20, ga ɗaruruwan ma'aikatan ƴan kwangila da ba su samu irin sallamar ma'aikatan kamfani ba. Areva ta zama Orano a 2018. Suna ya sake, tulin yana nan. A Oktoban 2024 mu ma mun cire sunan de Gaulle daga babban titin Yamai mun sa na Djibo Bakary. Na ji daɗi, wallahi. Amma iskar da ke kaɗawa daga kan tulin Akokan ba ta karanta allon titi.

Rawanin namu ma haka yake yawo. An tuɓe Sarkin Damagaram Abubakar Sanda a 2001, an mai da shi a 2011. An tuɓe Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Biyu a Maris 2020, an mai da shi a Mayu 2024. Mutum ɗaya, hali ɗaya. Masu mulki ne suka sake. Idan tuɓewa na bin wanda ke kan kujera, yaya za ta zama ma'aunin gaskiya?

Abin lura shi ne, shi Sanusin ya taɓa gwada wata hanya. Yana gwamnan Babban Bankin Najeriya, a Agustan 2009 ya kori shugabannin bankuna biyar rana ɗaya. A 2010 kotu ta ɗaure Cecilia Ibru ta bankin Oceanic wata shida, ta kuma sa ta saki dukiyar da ta kai kusan naira biliyan 190. Wata shida wasa ne, na yarda. Amma hukuncin ya taɓa aljihu, kuma an san wanda ya yanke shi.

Don haka ban ce a daina tuɓewa ba. Cewa nake kada mu ɗauke ta a matsayin biyan bashi. Duk takardar da za ta ƙwace lamba, ta zo da sunan wanda ya gabatar da mutumin tun farko, da lissafin abin da aka mayar wa waɗanda aka cuta. Mu kuma masu alƙalami akwai abin da ke hannunmu tun yau. Duk inda ka rubuta "an", tsaya ka tambayi kanka ko ka san mai aikin. In ka san shi, rubuta sunansa.