Kalmar da Aka Fassara da Tausayi

Akwai wata kalma ta Ingilishi wadda a kan koya wa ma'aikatan asibiti da malaman makaranta, watau empathy. Masu fassara da yawa su kan juya ta da "tausayi", su wuce abinsu. Fassarar nan kuwa ta gaza, asalin kalmar kuma shi ke nuna inda ta gaza.

Kalmar ba tsohuwa ba ce. A shekarar 1873 wani masani Bajamushe, Robert Vischer, ya yi rubutu a kan abin da mutum ke ji idan yana duban zane ko wani abu mai ban sha'awa. Ya kira wannan hali Einfühlung, ma'anarsa da Jamusanci ji daga ciki, kamar mutum ya shiga cikin abin da ya ke kallo. Daga baya wani ɗan ƙasarsu, Theodor Lipps, ya kai kalmar kan mutane, ya ba da misalin mai kallon ɗan wasa yana tafiya bisa igiya: shi yana ƙasa, amma gabansa na faɗuwa. Duk wanda ya taɓa kau da kai a filin dambe sa'ad da aka kai wa wani naushi ya san wannan. A 1909 Edward Titchener, Baturen Ingila mai koyarwa a Jami'ar Cornell ta Amurka, ya ƙera empathy daga harshen Girka don ya fassara ta. Abin mamaki, wajen Girkawan yau kalmar da ya ɗauko tana nufin ƙiyayya.

To, ina tausayi a nan? Mai tausayi yana tsaye ne a gefe, zuciyarsa ta yi taushi, yana duban wanda ke ƙasa da shi. Shi ya sa ba mai so a ce ya zama abin tausayi. Har wa yau, ba a tausaya wa ango ran aurensa, alhali kuwa kalmar Turawan ta haɗa daɗi da wuya duka.

Da masu fassara sun saurari maganar gida, da sun tarar da "taya". A kan taya mutum murna, a kan taya shi baƙin ciki, kamar yadda a kan taya shi ɗaukar kaya, watau a sa hannu cikin abin da ke kansa. Mata kuma sun riga sun faɗa, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Gaskiya dai "taya" ma ba ta cika ba, gama mutum ya iya taya makoki da baki, zuciyarsa tana kasuwa. Amma ma'aikaciyar asibiti da aka ce mata ta ji tausayin majinyaci, ta iya girgiza kai ta ce "Allah sarki" ta wuce. Wadda aka ce mata ta taya shi jin ciwonsa, tilas ta fara zama ta tambaye shi inda ke masa zafi.