Jinjina Ga Iyayen Gidan Ɗinki Na Jimeta

Duk wanda ya ga hawan Sallah a ƙofar fadar Lamiɗo a Yola, ya ga manyan riguna suna ɗaukar ido. Ba kasafai ake tambayar hannun da ya yi aikin ba. Galibi hannun wani ne da aka kai shi shago yana yaro, aka ce wa maigida, "Ga ɗanka nan."

A layukan teloli na kasuwar Jimeta, yaro ba ya taɓa keke da wuri. Shara zai fara, da hura gawayin dutsen guga, da aiken sayo zare. Sai sa maɓalli, sai kalmasa. Almakashi ne ƙarshe, don shaddar mutane ba abin gwaji ba ce. Ranar da maigida ya miƙa masa alli ya ce ya zana wuya da kansa, ranar ya san an fara yarda da shi. Idan azumi ya raba tsakiya kuwa, kwana ake yi a kan keke, shayi yana zagayawa.

Gwamnati ma ta gane wannan hanya: hukumar samar da ayyukan yi ta ƙasa, NDE, da aka kafa a 1986, wajen irin waɗannan masu sana'a take tura matasa.

Akwai masu riƙe yaro shekara da shekaru ba yaye, wannan kam zalunci ne. Amma mafi yawan iyayen gidan ɗinki sun ciyar, sun koyar, har keke sun saya wa yaransu. Allah ya saka musu da alheri.