Edward Murrow da Majigin da Ya So Ya Hana

A cikin watan Maris na 1961 aka buga wa shugaban gidan BBC, Hugh Greene, waya daga Amurka, ana roƙonsa kada ya nuna wa mutanen Ingila wani majigi. Abin mamaki, mai roƙon nan shi ne wanda fuskarsa da muryarsa ke cikin majigin. Sunansa Edward Murrow, kuma a zamanin nan babu ɗan jaridar rediyo da Amurkawa suka amince wa kamarsa. Wanda duk zai auna aikin mutumin nan, lalle ne ya ɗora wayar nan a kan ma'auni tare da sauran ayyukansa.

An haife shi a 1908 a jihar Karolina ta Arewa, iyayensa manoma. Bai taɓa aiki a gidan jarida ba sa'ad da kamfanin CBS ya ɗauke shi a 1935. A 1937 aka tura shi London, aikinsa kuwa nemo waɗanda za su yi jawabi ne kurum. Sai a 1938, da Hitila ya haɗiye ƙasar Ostiriya, ya yi hayar jirgin sama ya sauka Biyana, ya ba da labari da bakinsa.

Gwanintarsa ta bayyana sosai a 1940, lokacin da jiragen Jamus ke ruwan bom a London. Masu karanta labari na wancan zamani sun saba da ɗaga murya kamar sanƙira. Shi kuwa Murrow sai ya sassauta tasa, ya riƙa faɗin ƙananan abubuwan da ido ya gani. Wani dare cikin Agusta, ana busa ƙahon gargaɗi, ya sunkuya ya kai makirufo kusa da ƙasa, don mutanen Amurka su ji takun sawun masu tafiya maɓoya. Ba gudu suke yi ba, tafiya suke yi a natse. Da ya ce mutanen London jarumai ne, da mai saurare ya iya cewa yabon baki ne. Amma da ya bar sawun ya yi magana, ba abin musu. Wannan ita ce dabararsa har ƙarshen aikinsa: ya kawo abu gaban mutum, sa'an nan ya ja gefe.

Amma fa jan gefen nan ba rashin ra'ayi ba ne. Murrow yana son Amurka ta taimaki Ingila, kuma shi ya zaɓi inda zai ajiye makirufon. Ko labarinsa na sansanin Buchenwald, wanda ya bayar ran 15 ga Afrilu 1945, inda ya ce akasarin abin da ya gani ba shi da kalmomin faɗinsa, masana tarihi sun lura cewa bai ambaci sunan Yahudawa a ciki ba.

Da talabijin ya zo, shi da abokin aikinsa Fred Friendly suka fara shirin See It Now a 1951. A shekarun nan wani ɗan majalisar dattawa, Joseph McCarthy, ya cika ƙasa da tsoro, yana zargin ma'aikatan gwamnati da bin kwaminisanci ba tare da hujja ba. A Oktoba 1953 Murrow ya ɗauko maganar wani laftana, Milo Radulovich, wanda rundunar mayaƙan sama ta nufi korarsa saboda zargin da ake wa ubansa da 'yar'uwarsa. Bayan 'yan makonni aka mai da shi aikinsa. Ran 9 ga Maris 1954 ya fuskanci McCarthy kansa. CBS ta ƙi biyan kuɗin tallar shirin, sai shi da Friendly suka biya daga aljihunsu. Rabin sa'ar nan kusan duk hotunan McCarthy ne da maganganunsa, yana faɗin wannan yau, gobe ya warware, yana tsare shaidu da tsawa. Cikin Disamba majalisar ta tsawata wa McCarthy da ƙuri'a 67, masu ƙi 22.

Nan ne masu yabo kan wuce gona da iri, su ce Murrow ne ya kā da shi. Gaskiyar magana, McCarthy ya shekara huɗu yana ɓarna kafin shirin nan, kuma waɗansu 'yan jarida, irin su Drew Pearson, sun riga sun ja da shi tun yana kan ganiyarsa. Har ila yau, waɗansu masu sharhi da ke ƙin McCarthy sun tsorata da shirin, gama almakashin da ya yanko munanan maganganun mugu ya jera su, gobe yana iya yi wa mutumin kirki haka. Tsoronsu yana da tushe. Abin da ya rage kaifin wannan suka shi ne Murrow ya faɗa a fili cewa hukunci yake yankewa, ya kuma ba McCarthy fili ya mai da martani ran 6 ga Afrilu.

Gaskiya ba ta sayar da kaya kamar wasa. Kamfanin Alcoa ya janye tallarsa a 1955, shirin ya mutu a 1958. A shekarar nan ya tsaya gaban shugabannin labarai a Chicago ya zarge su da shagaltar da jama'a, ko da yake shi ma a lokacin yana da wani shiri na zagaya gidajen taurarin sinima ana hirar labule da kujeru.

Majiginsa na ƙarshe a CBS shi ne Harvest of Shame, watau girbin abin kunya, wanda aka nuna ran 25 ga Nuwamba 1960, kashegarin bikin godiya, ciki na kowa a cike. David Lowe ne ya yi watanni yana bin 'yan ƙodagon gona daga Florida zuwa arewa yana ɗaukar hotonsu. An nuna yadda ake lodinsu a mota da asuba, da ɗakunan da suke kwana, da wata mace da ta wuni tana tsinkar wake ta tashi da dala 1. A nan dabarar London ta kai matuƙa, don fuskokin talakawan nan sun fi kowane jawabi.

Ba a yi wata uku ba Shugaba Kennedy ya naɗa shi shugaban hukumar watsa labaran Amurka a ƙasashen waje, wadda Muryar Amurka ke ƙarƙashinta a lokacin. Aikinsa ya koma gyara sunan ƙasarsa a idon duniya, majigin nan kuwa yana ɓata shi. Sai ya ɗauki waya. Hujjarsa ita ce an yi majigin don 'yan gida ne, kada maƙiya su samu abin yaɗawa. Ita ce hujjar da manyan ma'aikata suka sha kawo masa a da, yana ƙi. Hugh Greene bai yarda ba, BBC ta nuna majigin, jaridu suka ji labarin wayar suka buga, Murrow ya fito ya amsa cewa abin da ya yi wauta ne, kuma aikin banza.

Ya riƙe muƙamin har farkon 1964, ciwon dajin huhu ya tilasta masa ajiyewa. Taba ba ta barin hannunsa ko a gaban kyamara, alhali shirinsa ya yi bayani a kan taba da ciwon huhu tun 1955. Ya rasu ran 27 ga Afrilu 1965, yana da shekara 57.