Suna Linzami: Tarken Yadda Ake Baje Kolin Hotunan Finlan a Ƙasashen Waje

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce duba sunan da ake laƙaba wa ayyukan fasahar ƙasar Finlan yayin da aka fitar da su waje, da kuma tasirin da sunan yake yi ga fahimtar mai kallo. Bahaushe ya ce suna linzami ne, kuma ga alama maganar ta shafi hoto kamar yadda ta shafi mutum. An taƙaita nazarin a kan masu ɗaukar hoton da aka sani da laƙabin Mazhabar Helsinki.

2.0 Asalin Laƙabin

Finlan ta daɗe tana tura fasaha ta yi mata jakadanci. A bajen kolin duniya na Paris a 1900, lokacin tana ƙarƙashin daular Rasha, Akseli Gallen-Kallela ya ƙawata rufin zaurenta da zanen labaran Kalevala, domin a shaida cewa ga wata al'umma mai harshenta da tarihinta. A 1956 kuma Alvar Aalto ya tsara mata zaure a dandalin baje kolin Venice. A wancan zamani mai zane ne jagora, amma daga shekarun 1990 sai mai kyamara ya sha gabansa. Dalilin ba boyayye ba ne: zane guda ɗaya ne tilo, alhali hoto ana iya wanke shi kwafi biyar ko shida, a rataye shi a birane daban-daban a lokaci guda.

Mazhabar da ake magana a kanta ta tsiro ne a Jami'ar Fasaha da Zayyana ta Helsinki, wadda aka haɗe cikin Jami'ar Aalto a 2010. Malaminta Timothy Persons ya riƙa kai ayyukan ɗalibai kasuwannin fasaha irin su Paris Photo, daga baya aka buɗe musu zaure a Berlin, sannan kamfanin Hatje Cantz na Jamus ya buga littafinsu na farko a 2005. Laƙabin kansa yana tuna wa mai saye Mazhabar Düsseldorf ta Bernd da Hilla Becher. Sai dai almajiran Becher sun yi tarayya a salo, wato tunkarar abu gaba da gaba ba tare da ado ba, su kuwa na Helsinki abin da ya haɗa su shi ne aji ɗaya da hanyar kasuwa ɗaya.

3.0 Abin da Laƙabin ya Rufe

Da zarar baƙo ya ji an ambaci Helsinki, abin da yake sa ran gani shi ne ƙanƙara da daji da shiru da kaɗaici. To amma idan aka bi ayyukan ɗaya bayan ɗaya, sai a ga ba haka abin yake ba. Sanna Kannisto ta ɗauki yawancin hotunanta na farko a dazuzzukan Kudancin Amurka da Kosta Rika, inda take ajiye tsuntsu ko reshe a gaban farin kyalle tamkar a ɗakin gwaji. Ola Kolehmainen kuwa gine-gine ya sa gaba, har da masallatan Istanbul.

Aikin da ya fi dacewa da masana harshe shi ne Suites françaises na Elina Brotherus. A 1999 ta sauka a Chalon-sur-Saône ta Faransa ba ta jin Faransanci sosai, sai ta riƙa rubuta sunayen abubuwa a 'yan takardu tana mannawa a ƙofa da madubi da jikinta, tana ɗaukar hotonsu. Jigon aikin shi ne halin baƙon da suna ya riga ma'ana isa gare shi: ya san yadda ake kiran kujera, amma bai iya faɗin damuwarsa ba. Mai kallon da ya shigo neman kaɗaicin mutanen arewacin Turai zai ga mace ita kaɗai a ɗaki, ya gamsu, ya wuce ba tare da ya karanta takardun ba.

Haka nan aikin Jorma Puranen mai suna Imaginary Homecoming, wato komawa gida a zuci. Ya samo hotunan mutanen Sami da ayarin Yarima Roland Bonaparte ya ɗauka a 1884 domin nazarin jinsi, waɗanda aka adana a Paris, ya mayar da su kan faranti masu ɗaukar haske, ya kafa su a tsaunukan Laplan inda masu su suka rayu, ya sake ɗauka. A nan kam akwai ƙanƙara, amma ƙanƙarar shaida ce a ƙarar da ake yi a kan yadda Turai ta riƙa auna fuskokin wasu al'ummu tana tarawa a akwati. Abin lura shi ne, idan aka rataye waɗannan hotuna a Paris ko Berlin a ƙarƙashin sunan babban birnin Finlan, fuskokin Sami sun sake barin gida ke nan da sunan da ba nasu ba, kuma da take cikin Ingilishi, ba cikin harshen Sami ko na Finlan ba.