Dattawa huɗu da majigi a Umdurman

Fim ɗin Talking About Trees na Suhaib Gasmelbari, wanda ya fito a 2019, labari ne na gaske, ba ƙage ba. Ya bi rayuwar dattawa huɗu ’yan Sudan: Ibrahim Shaddad, Sulaiman Muhammad Ibrahim, Manar al-Hilo da Al-Ɗayyib Mahdi. Da ƙuruciya sun je neman ilimin fim, Ibrahim a Jamus ta Gabas, Sulaiman a Masko, sauran biyun a Alƙahira. Sun kafa ƙungiyarsu ta masu shirya fim a 1989, shekarar da Umar al-Bashir ya yi juyin mulki, daga nan gidajen silima suka shiga mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Mutumin Kano da ya san gidajen silimar Rex da Palace ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Abin da ya fi kama zuciyata shi ne yadda waɗannan mutane, da aka hana su sana’arsu, suka mayar da ita sadaka. Suna loda majigi da farin ƙyalle a tsohuwar motarsu mai yawan mutuwa a hanya, su nufi ƙauye, su haska wa jama’a Charlie Chaplin kyauta. Kyamarar Gasmelbari takan juya baya ga ƙyallen ta tsaya a kan fuskokin yara suna tuntsira dariya. A nan ne ya nuna gwanintarsa, domin bai sa kowa ya tsaya yana kukan abin da aka rasa ba.

Babban burinsu shi ne su sake buɗe silimar Al-Thawra ta Umdurman, wani makeken fili mara rufi. Da hannunsu suke share ƙura, suna wanke bango. Sun bi matasan unguwa suna tambayar wane fim suke so, aka tsaya a kan Django Unchained. Sun kuma zauna lissafin masallatan da ke kewaye, don kada lokacin haskawa ya ci karo da kiran salla. Sai jami’an tsaro suka fara neman takarda bayan takarda, har maganar ta shiririce. Ba a taɓa nuna mana fuskar mai hanawar ba, kuma hakan ya fi tsoratarwa.

Inda nake ganin gazawa shi ne, an ɗan ɗanɗana mana tsofaffin ayyukansu ne kawai. Wanda bai san Jamal na Ibrahim Shaddad ba, labarin raƙumin da ke zagaye injin matsar riɗi, zai yi wuya ya gane girman hasarar da Sudan ta yi. Muryar mata ma ta yi ƙaranci.

Fim ɗin ya ci kyautuka biyu a bikin fina-finai na Berlin a Fabrairun 2019, aka kifar da al-Bashir a Afrilu. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya ɗaiɗaita tsakiyar Khartum, har da kasuwar Suk al-Arabi. Sa’ar da aka yi, cibiyar Arsenal ta Berlin ta riga ta gyara wasu finafinan ƙungiyar tun kafin yaƙin, ciki har da Jamal.