Makanikan Toukra da motar da ta ƙi ribas

Mota ta ci gaba lafiya amma ta ƙi komawa baya, sai direba ya ɗauka giyabos ya mutu, ya fara lissafin kuɗin sabo. Makanikan Toukra, a kudancin N'Djamena kan hanyar Moundou, kusa da harabar Jami'ar N'Djamena, sun cancanci yabo saboda ba sa gaggawar sauke giyabos.

Gogaggen cikinsu kunne yake fara sawa. Ya kashe inji, ya ja sandar giya. In ribas ya shiga inji a kashe amma ya yi gurnani inji a kunne, kuloci ne bai saki ba, domin a motoci da yawa ribas ba shi da zoben daidaita gudu irin na sauran giyoyi. In sandar na lilo, ya kwanta a ƙarƙashi ya laluba 'yar robar da ta cinye, gyaran kuɗi kaɗan.

A otomatik kuwa, mai ne shaida. Ya ɗiga a yatsa, ya sansana: ja garau lafiya, baƙi mai ƙauri fayafayan ciki sun ƙone. In ya yi kalar madara, ruwa ya shiga, kuma unguwannin da kogunan Chari da Logone suka malale a 2022 sun san wannan ciwo.

Abin da ya fi burge ni shi ne nuna wa mai mota ɓurɓushin ƙarfe a tafin hannu kafin a ambaci farashi. "Alhaji, duba da idonka." Allah ya yi wa hannuwan nan albarka.