Marubutan Gasar 1933 Sun Cancanci Yabo

A 1933 ne Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar ƙagaggun labarai da Hausa. Malaman da suka amsa kiran sun cancanci jinjina, musamman Abubakar Imam, Bello Kagara da Abubakar Tafawa Ɓalewa.

Imam ya ba masu karatu dariya a Ruwan Bagaja, inda jarumin labarin, Alhaji, ya sha wuyar abokin hamayyarsa Malam Zurƙe gari bayan gari, amma ya yi haƙuri bai fasa neman ruwan Bagaja ba.

Amma inda haƙuri ya fi fitowa fili shi ne Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa. An sace Umar yana ƙarami, ya tashi a hannun Balarabe Abdulkarim a ƙasar Masar. Uwarsa ta bazama nemansa, ita ma ta faɗa bauta, ta ƙetare hamada, suka haɗu tana gab da rasuwa. Duk da wannan masifa, Umar, bayan ya zama malami, yana ba ɗalibansa labarin a natse, ba kuka ba tsinuwa, kuma a nan gwanintar marubucin take.

Adamu Halilu ya mayar da littafin Shaihu Umar fim a 1976.